Koken masu sayen bindiga ta intanet a Amurka, da abin da ya kamata shago ya fara gyarawa

Duk lokacin da wani shagon sayar da bindigogi ta intanet a Amurka ya tambayi abokan cinikinsa me suke so a gyara a shafinsa, amsoshin farko sanannu ne: shafin yana da nauyi a waya, launinsa ya tsufa, hotunan sun yi ƙanana. Sai mai shago ya ɗauko mai zane, a sauya launi, a faɗaɗa hotuna, a yi sabon tambari. Bayan wata uku wayar ofis tana nan tana ruri kamar da, tambayoyin kuma su ne dai na jiya. Ina bindigata? Me ya sa aka soke odata? Wa ya ce akwai wani kuɗi da zan biya a wurin karɓa? An bar jaki ana dukan taiki.

A ganina, kusan duk koke mai zafi a wannan sana'a tushensa ɗaya ne. Akwai abin da shago ya sani tun farko, ko ya kamata ya sani, amma mai saye bai ji shi ba sai bayan kuɗinsa ya fita. Dalilin da ya sa hakan ya fi yawa a nan fiye da shagon takalma shi ne ba a kai bindiga ƙofar gida.

A ƙarƙashin dokar tarayya ta 1968, bindigar da aka saya daga wata jiha sai ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya, lasisin da ake kira FFL, wanda ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ke bayarwa. Mai saye ya biya a shafi, shago ya aika bindigar wurin dillalin da ya zaɓa, shi kuma ya je da ƙafarsa, ya nuna katin shaida, ya cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinsa ta tsarin NICS na hukumar FBI, wanda ya fara aiki a 1998, ko ta tsarin jiharsa idan tana da nata. Amsar da ke fitowa uku ce: a ba shi, a dakata, ko a hana. Ƙaramar bindiga sai ɗan shekara 21, doguwa kuma 18 a dokar tarayya, kodayake jihohi irin su Florida sun ɗaga ta zuwa 21. Ke nan ciniki ɗaya yana da hannu huɗu ko biyar a ciki: shago, babban dilan da shago ke sarin kaya a wurinsa, kamfanin jigila, dillalin karɓa, da hukuma. Kowane hannu yana da inda yake sakin kaya, kuma mai saye shago zai zarga ko da laifin na wani ne.

Wurin zaɓen dillali

A nan oda ta fi maƙalewa, kuma a nan aka fi yin aikin ganin dama. Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke jerin masu lasisi da ATF ke fitarwa, a zuba shi a taswira, a ce mai saye ya zaɓa. Matsalar ita ce jerin bai faɗi wa ke karɓar bindigar da aka saya a wani wuri ba. A cikinsa akwai masana'antun da ba sa hulɗa da jama'a, akwai manyan shagunan da ba sa karɓar kayan abokan hamayyarsu, akwai kuma mutanen da ke aiki daga gida, sai an yi alƙawari da su, wani ma ya yi tafiya. Mai saye ya ga suna kusa da gidansa ya danna, kwali ya isa, babu mai sa hannu, ya juyo. Mako biyu sun tafi, an biya jigila sau biyu.

Abin da masu saye ke nema a gefen kowane suna bai wuce abu biyar ba: ko yana karɓa, nawa yake caja, ranaku da sa'o'in buɗewa, ko sai an kira kafin a je, da ko shago yana da kwafin lasisinsa a ajiye. Na ƙarshen nan shi ne mai cin lokaci. Doka ta ɗora wa mai aikawa tabbatar da lasisin mai karɓa, don haka idan babu kwafi a ajiye, oda za ta tsaya har sai dillali ya turo. Shagunan da yawa suna jefa wa mai saye wannan aiki da layi ɗaya a ƙasan rasit, wanda ba kowa ke karantawa ba. Gyaran shi ne a jera dillalan da lasisinsu ke hannu a sama da alama bayyananniya, sauran kuma a rubuta a fili cewa zaɓensu zai ƙara kwanaki, sannan shafin ya aika wa dillalin imel da kansa da wurin loda kwafin, ya kuma nuna wa mai saye ko an turo ko ba a turo ba.

Lasisin shekara uku yake yi. Lambarsa tana da gurbi 15, kuma gurbi na 9 da na 10 suna nuna shekara da watan ƙarewarsa, saboda haka babu dalilin da zai sa kwamfuta ta kasa gano wanda ya kusa mutuwa ta nemi sabo tun da sauran wata guda. Kafin a rufe kwali kuma a duba shi a manhajar eZ Check ta ATF, wadda ke neman lambobi uku na farko da biyar na ƙarshe. A lura da adireshi: lasisi yana ɗauke da na wurin kasuwanci da na karɓar wasiƙa, kuma ba kullum suke zama ɗaya ba.

Sai maganar iyakar jiha, wadda taswira ba ta sani ba. Ƙaramar bindiga dole a karɓe ta a wurin dillalin jihar da mai saye ke zaune. Ɗauki birnin Kansas City, wanda ke kan iyakar Missouri da Kansas. Mutum yana zaune a ɓangaren Kansas, dillali mafi kusa da shi yana tsallaken titi a Missouri. Taswira za ta ba shi shi a sahun farko, ya zaɓa, bindiga ta isa, dillali ya ce ba zai iya miƙa masa ba. Idan kayan ƙaramar bindiga ce, ko gangar jikin bindiga da ake sayarwa tsurarta, jerin ya tsaya a jihar mai saye kawai.

Dokar jiha: a tambayi inda mutum yake tun a bakin ƙofa

Koken da ya fi ɗaci shi ne na wanda ya shafe rabin awa yana zaɓe, ya cike adireshi, ya sa lambar kati, sannan jan rubutu ya fito cewa ba a aika wannan kaya jiharsa. Wani ma ba ya ganin jan rubutun, sai imel na soke oda bayan kwana uku. Ihu bayan hari ke nan.

Bambancin dokokin ba ƙarami ba ne. Kalifoniya, New York da New Jersey sun taƙaita gidan harsashi zuwa mai cin 10. Colorado 15. Illinois ta raba: 10 ga doguwar bindiga, 15 ga ƙarama, kuma mazauninta sai da katin FOID, wato katin izinin mallakar bindiga na jihar, zai sayi bindiga ko harsashi. Kalifoniya, Massachusetts da Maryland suna da jerin ƙananan bindigogin da aka amince dillali ya sayar. A Kalifoniya da New York harsashi ma ba a kai shi gida, sai ta hannun mai lasisi. Kafin shagon wata jiha ya aika bindiga zuwa dillalin Kalifoniya kuma, sai ya samo lambar amincewa daga ma'aikatar shari'ar jihar. Ga kwanakin jira: 10 a Kalifoniya, awa 72 a Illinois. Ga dokokin birane a kan na jiha, kamar na Chicago da birnin New York. Kotuna kuma suna taɓa waɗannan dokoki a kai a kai, abin da ke daidai a bara yana iya zama kuskure bana.

Gyaran da ya fi rage kiran waya shi ne akwati ɗan ƙarami a saman shafi da ke neman lambar ZIP, wato lambar gidan waya ta yankin da mutum yake, a kuma tuna da ita. Daga nan kowane kaya ya nuna ɗaya daga uku: ana kaiwa gida, sai ta dillali, ko ba a aikawa. Idan ba a aikawa, a faɗi dalili a jimla ɗaya, a kuma nuna madadin idan akwai. Glock 19 tana zuwa da gidan harsashi mai cin 15, amma akwai irinta da ake haɗawa da mai cin 10, da lambar kaya dabam. Mutumin New Jersey da ya buɗe ta farko, a kai shi ga ta biyun da danna ɗaya. A sani dai lambar ZIP tana iya ratsa iyakar birni ko ƙaramar hukuma, don haka a sake tantancewa da cikakken adireshi kafin a taɓa kati.

A bayan fage, kada a rubuta haramcin kaya ɗaya bayan ɗaya da hannu. Shagon da ke da kaya dubu talatin ba zai iya ba. A rubuta ƙa'idar a kan siffa: yawan harsashin da gida ke ci, nau'in bindiga, tsawon bututu, ko bakin bututun yana da zare. Wannan yana nufin kowane kaya sai an cike masa waɗannan gurabe daidai, kuma nan ne ainihin aikin yake. Kowace ƙa'ida ta ɗauki ranar da aka duba ta a ƙarshe da sunan wanda ya duba.

Akwai koke na kishiyar wannan da ya cancanci a saurara: shagunan da, don gudun wahala, suke rufe jiha gaba ɗaya, har majanyin rataya da man goge bindiga ba sa aikawa. Shago yana da 'yancin yin haka. Amma ya rubuta cewa tsarinsa ne, kada ya ce doka ce, domin masu sayen nan sun san dokar jiharsu fiye da yadda ake zato, kuma wanda ya kama ka da ƙarya ɗaya ba zai yarda da sauran rubutunka ba.

Haka maganar ƙasashen waje. Fitar da bindiga, harsashi, har da wasu sassa da na'urorin hange daga Amurka sai da izinin gwamnatin tarayya, kuma shagunan nan galibi ba sa yi sam. A Najeriya ma dokar makamai ta 1959 ta ɗaure mallaka da shigo da bindiga da lasisi. Shafi ya faɗi a sarari cewa cikin Amurka kawai yake aikawa, ya kuma toshe adireshin kamfanonin da ke karɓar kaya su tura waje.

"Akwai kaya" da babu kaya

Shagunan intanet da yawa ba su da yawancin abin da suke tallatawa a ƙasa. Suna jawo lissafin kaya ne daga manyan diloli irin su RSR, Lipsey's, Sports South da Davidson's, oda ta shigo su tura. Wannan ba laifi ba ne. Inda ake samun matsala shi ne tazarar sabuntawa. Idan shafi yana jawo lissafi sau ɗaya a awa, kuma babban dila yana da guda biyu da shaguna ɗari ke nunawa a lokaci ɗaya, to mutane da dama za su biya kuɗin abin da ya riga ya tafi. A ranakun da kasuwa ta yi zafi, kamar 2020 da binciken NICS ya haura miliyan 39, tazarar minti goma ma tana da yawa.

Matakan gyara ba su da wuya. A raba alamar gida uku: yana rumbunmu, yana wurin babban dila, ko sai an kawo. Kowanne da kwanakin da yake ɗauka kafin ya fita. A sa shinge: abin da ya rage ƙasa da uku a wurin babban dila, a daina nuna shi a matsayin akwai. A sake tambayar lissafin a daidai lokacin da mutum ya danna biya. Kuma a riƙe kuɗin a kati kawai, kada a cire sai kaya ya tabbata. Riƙon yakan faɗi bayan kamar mako guda, don haka odar da za ta wuce haka a nemi izinin mai ita. Ƙa'idar FTC, hukumar tarayya mai kula da kasuwanci, ta ce a aika kaya cikin lokacin da aka yi alƙawari, idan ba a faɗi lokaci ba cikin kwana 30, in ba haka ba a sanar da mai saye a ba shi damar fasawa.

Saƙon "kaya ya dawo" ma yana jawo zagi. A ce mutum dubu biyar sun yi rajista, guda ashirin suka iso, aka aika wa kowa a lokaci ɗaya. Mutum 4,980 sun ji an yi musu wasa da hankali. A aika rukuni rukuni bisa wanda ya riga yin rajista, a kuma faɗi adadin da ya iso.

Farashi

Mai saye yana son lamba ɗaya: nawa zai kashe kafin bindiga ta shiga hannunsa. Farashin kaya, jigila, inshora, harajin ciniki, ƙarin da wasu shaguna ke ɗorawa a kan biya da kati, sai kuɗin dillalin karɓa, wanda a wurare da yawa yake tsakanin dala 25 zuwa 50, a wasu jihohin ya zarce haka sosai. Tun hukuncin kotun ƙoli na 2018 a shari'ar Wayfair, jihohi suna iya tilasta wa shagon da ke wajensu karɓar haraji, a wasu jihohin kuma dillalin karɓa ne ke karɓarsa a kan kanta. Kalifoniya ta ƙara harajin kashi 11 cikin ɗari a kan bindiga da harsashi daga Yulin 2024. Shago ba shi ke karɓar duka ba, amma ya jera su a kwando, ya ware waɗanda za a biya a can.

Rubutun nan na "sa a kwando ka ga farashi" yana ba mutane haushi, suna ɗauka dabara ce. Asalinsa yarjejeniya ce da masana'anta, waɗanda ke hana tallata kayansu ƙasa da wani farashi. Ba za a iya cire shi ba, amma jimla ɗaya ta bayani tana kashe rabin fushin. Abin da ba shi da uzuri shi ne a ce sai mutum ya buɗe asusu ko ya ba da lambar waya kafin ya gani.

A harsashi kuwa, lissafin kowa a kan ƙwaya ɗaya yake. Kwalin 50 a dala 14 ya kama santi 28 kowane. Katan na 1,000 a dala 250 ya kama santi 25, amma katan ɗin 9mm yana kai kilo 12, idan jigilarsa dala 30 ce an koma santi 28. Masu saye suna zuwa ne daga shafukan kwatanta farashi irin su AmmoSeek da wannan lissafi a ka. A nuna farashin ƙwaya a jeri, a bari a tsara da shi, a kuma nuna shi da jigila da zarar an san ZIP.

Akwatin bincike da sunayen harsashi

Harsashi ɗaya yana da suna uku ko huɗu. 9mm Luger, 9x19 da 9mm Parabellum duk abu ɗaya ne. Mutum zai rubuta 223 ko .223, 556 ko 5.56, 30-06 ko 3006, 10/22 ko 1022. Injin binciken da ba a koya masa ba yana jefar da ɗigo da karan tsakiya, ya dawo da babu. Ana gyara wannan da teburin sunaye masu ma'ana ɗaya, a kuma bari a yi bincike da lambar UPC, wadda na'urar kanti ke karantawa a jikin kwali, da lambar masana'anta.

Amma a yi hattara da haɗa abin da bai haɗu ba, domin a nan kuskure yana iya raunata mutum. 9x18 Makarov da .380 ACP, wanda wasu ke kira gajeren 9mm, ba 9x19 ba ne. Bindigar da aka yi wa 5.56 tana cin .223, amma ƙungiyar SAAMI mai tsara ma'aunin masana'antar ta yi gargaɗi a kan sa 5.56 a wadda aka yi wa .223 kawai. .357 Magnum tana cin .38 Special, akasin haka ba ya yiwuwa. Harsashin .300 Blackout yana iya shiga bindigar .223 ya fasa ta. A bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, harsashi mai inci 3 ba na ɗakin harsashi mai inci 2¾ ba ne. Shi ya sa nake ganin akwatin nan na "waɗanda suka sayi wannan sun kuma sayi wancan" bai dace a bar shi ya yi aiki da kansa a shafin bindiga ba. Lissafin ciniki yake bi, bai san ma'auni ba. Ko a ɗaure shi da gurbin girman harsashi, ko a hana shi nuna harsashi gaba ɗaya.

Matatun da ake nema a gefe su ma sanannu ne. A harsashi: nauyin ƙwaya, kamar 115, 124 ko 147 a 9mm a ma'aunin nauyi na giren, kwanson tagulla ko na ƙarfe, sabo ko wanda aka sake cikawa. Na ƙarfen yana da muhimmanci domin filayen koyon harbi da yawa ba sa yarda da shi. A bindiga: tsawon bututu, murɗin cikinsa kamar 1:7 ko 1:9, zaren baki kamar 1/2x28 ko 5/8x24, da irin mazaunin na'urar saiti. Matatar ba ta fi bayanan da ke ƙarƙashinta kyau ba. Idan wani kaya an rubuta masa "16 in", wani "16.0", wani an bar gurbin fanko, mai tacewa zai ga rabin kayan ne kawai ya ɗauka shi ke nan.

Hoto kuma, ba a cinikin biri a sama. Hoton masana'anta guda ɗaya da ake liƙa wa samfuri shida, da ɗan rubutun cewa kaya na iya bambanta da hoto, shi ke haifar da rigimar launi da ta yawan gidan harsashi. A rubuta abin da ke cikin akwati ɗaya bayan ɗaya. Bindigar da aka yi amfani da ita kuwa sai hotonta na gaske: gefe biyu, cikin bututu, wuraren da suka goge, a rufe wani ɓangare na lambar jikinta.

Nauyin shafi gaskiya ne, amma gyaransa ya fi sauƙi: a matse hotuna, a rage manhajojin talla, a nemi babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5 a waya. A kuma daina tare mutum da taga uku a jere, ta shekaru, ta rajistar imel, da ta rangwame.

Biya, da abin da ke biyo baya

Kullum sai an sami mai tambayar me ya sa babu PayPal. PayPal da Square duk sun hana cinikin bindiga a tsarinsu. A rubuta haka a shafin biya a wuce wurin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne matatar zamba: a odar bindiga adireshin kati da adireshin da za a kai kaya ba sa taɓa zama ɗaya, tunda na biyun na dillali ne. Matatar da aka bari a saitin shagon tufafi za ta riƙa tare odar mutanen kirki. A gwada adireshin kati da na banki, a kuma gwada sunan mai kati da sunan wanda zai karɓa.

Sunan nan ba wasa ba ne. Fom 4473 yana tambaya ko kai ne ainihin mai saye, kuma saya wa wani a ɓoye babban laifi ne. Dillali ba zai miƙa wa wanda sunansa ba ya kan takarda ba. Matar da ta biya da katinta tana nufin mijinta ya je ya karɓa za ta gamu da wannan a makare. A faɗa kafin biya, a kuma nuna katin kyauta a matsayin mafita.

Kwando mai gauraye yana buƙatar adireshi biyu: bindiga ta tafi wurin dillali, kube da man gogewa su tafi gida. Harsashi ta mota kawai yake tafiya, gidan waya ba ya ɗaukarsa, saboda haka akwatin gidan waya ba zai yi ba, kuma shaguna da yawa ba sa kai shi Alaska da Hawaii. Albarushi yana da ƙarin kuɗin kaya masu haɗari. Shafin da ke da gurbin adireshi ɗaya tak yana tilasta wa mutum yin oda biyu, ko ya tura wa dillali kayan da bai nema ba.

Bayan biya, kalmar "ana aiki a kai" ta kwana tara ita ke sa mutane ɗaukar waya. A fasa ta: an karɓi kuɗi, ana jiran lasisin dillali, ana jiran kaya daga babban dila, an rufe kwali, ya fita. Idan lambar bin sawu ta nuna an kai, a aika saƙo cewa kada a tafi tukuna. Dillali sai ya shigar da bindigar a littafinsa, doka ta ba shi har ƙarshen ranar aiki ta gaba, shi zai kira. A saƙon a jera abin da za a riƙe: katin shaida mai hoto da adireshin yanzu, da takardar izinin jiha inda ake buƙata. A gaya masa idan bincike ya ce a dakata, dokar tarayya ta ba da ranakun aiki uku, ga ɗan ƙasa da shekara 21 kuma yana iya kai goma tun dokar 2022, sannan wasu dillalan ba sa miƙawa sai amsa ta fito ƙarara. Da imel za a dogara, domin kamfanonin waya suna tace saƙonnin tes na kasuwanci da suka shafi bindiga.

Layi mafi muhimmanci a saƙon shi ne: duba bindigar da kyau kafin ka cike fom. Da zarar an miƙa ta, ta zama tsohuwa, yawancin shaguna ba sa karɓa, sai dai garantin masana'anta. Wanda ya ga tsaga ko samfurin da ba shi ya saya ba, ya bar ta a kan kanta ya kira shago. Haka kuɗin da ake yanka idan bincike ya hana mutum, da cewa harsashi ba a mayar da shi: a sa su kusa da maɓallin biya, ba a shafi na tara na sharuɗɗa ba.

Sirrin abokan ciniki yana da nauyi na musamman a nan, domin jerin sunaye da adireshin masu bindiga taswira ce ga ɓarawo. A Yunin 2022 shafin ma'aikatar shari'ar Kalifoniya ya fallasa bayanan masu izinin ɗaukar bindiga, kuma masu saye ba su manta ba. A bari a saya ba tare da buɗe asusu ba, a goge hoton katin shaida bayan an tantance, a sa tabbaci mai mataki biyu ga ma'aikata. Kuma tunda shafukan bogi masu neman a biya ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko kuɗin kirifto sun yi yawa, shago na gaskiya ya nuna adireshinsa, lambar wayar da ake ɗauka, da lambobin lasisinsa da za a iya dubawa a eZ Check.

Game da tattara koken kansa, tambayar "me kuke so mu gyara" ita ce mafi raunin hanya, domin masu amsa ta tsofaffin abokan ciniki ne da suka riga suka saba da ramukan. Wanda ya gudu a tsakiyar kwando ba ya cike fom. Ya fi amfani a ɗauki kwana 30 ana yi wa kowane kira da imel laƙabi da dalilinsa, a fitar da jerin kalmomin da aka bincika aka sami babu, a ƙirga dalilan soke oda, sannan a zaunar da mutum biyar da ba su taɓa sayen bindiga ta intanet ba, a ba su waya, a kalli inda suke tsayawa ba tare da an taimaka musu ba.

A kuma tambayi dillalan karɓa, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba. Kokensu kusan ɗaya ne: kwali ya iso babu sunan mai shi. Dokar tarayya ta hana kamfanin jigila ya sa a rubuta a bayan kwali cewa bindiga ce a ciki, saboda haka duk bayani a ciki yake. Takarda ɗaya ta wadatar, a ɗora ta a saman kayan inda za a fara gani: cikakken sunan mai saye kamar yadda yake a katin shaidarsa, lambar wayarsa, lambar oda, samfuri da lambar jikin bindigar, kwafin lasisin shagon da ya aiko, da lambar wayar da dillali zai kira kai tsaye ba tare da ya bi layin abokan ciniki ba.